Dish Ɗin Kyauta Ba Kwandon Shaiɗan Ba Ne

'Yan uwana mazauna Kontagora da kewaye, musamman mu da iyayenmu suka baro Maraɗi, Tasawa, Madarunfa, Ƙonni da sauran garuruwan tsallaken iyaka suka zo nan neman halaliya.

Abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu wata magana ce da aka yi a wajen wani suna da muka je kwanan baya. Bayan an shafa fatiha ana rabon goro da dabino, sai hira ta gangaro kan tarbiyyar yaran zamani, nan fa wani dattijo daga cikin abokan kasuwancin Baba ya ɗaga murya ya ce shi a wajensa duk wanda ya ɗora kwandon nan na dish a gidansa to ya yi wa shaiɗan shimfiɗa ne a tsakar gida. Kowa ya gyaɗa kai, har da waɗanda na san gidajensu sarai, na kuma san dish biyu-biyu ne a kafe a bayan katangarsu. Ni dai ban ce uffan ba, don ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya katse babba a cikin taro. To amma shiru ba yarda ba ce. Baba Alhaji, ka gafarce ni, maganar nan taka ban karɓe ta ba, kuma zan faɗi dalili.

Mu ma a gidanmu haka dokar take a da. Baba bai yarda da talabijin ba sam, rediyo kawai, shi ma don labaran safe da na yamma. Sai me ya faru? Ƙannena biyu maza, da an yi sallar isha'i sai su sulale, wai sun tafi karatun dare, ashe gidan kallo suke tafiya. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallo da daddare ya san ba ƙwallo kaɗai ake gani a wajen ba. Akwai hayaƙin taba, akwai ashar, akwai masu caca a kan wasa, kuma da an tashi ƙwallo mai gidan shi ke zaɓen fim ɗin da zai sa, ba ruwansa da shekarun wanda ke zaune a kan benci. 'Yan mata kuma suna gidan maƙwabta, ba wanda ya san abin da ake kallo a can. Wato dai an hana talabijin shiga gida, amma an tura yara inda talabijin ɗin yake ba tare da mai tsawatarwa ba. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Wannan kuwa tun kafin kowane yaro ya mallaki wayar da ke ɗauke da abin da ya fi na dish muni sau dubu, a cikin aljihunsa, a ƙarƙashin bargo.

Abin da ya karya dokar Baba ba hujjata ba ce, don na yi ta kawo hujja ba a saurare ni ba. Kokowa ce. A shekarar 2019 ne, lokacin gasar takobin ƙasa ta Nijar, ya je karɓar kuɗi a shagon wani mai sayar da kayan wuta, ya tarar an kunna Télé Sahel ana nuna fili kai tsaye, ga makaɗa, ga 'yan kokowa ana ɗaura masu layu. Mutumin da ya je karɓar kuɗi ya dawo, sai bayan la'asar muka gan shi. Baba tun muna yara yake ba mu labarin Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, amma shekara da shekaru rabonsa da ya ga kokowar gida da idonsa, sai dai ya ji a rediyo ana cewa Isaka Isaka na Doso ya sake kayar da wane. Da dare ya kira ni ya ce, "Kai, wannan abin da na gani, nawa ake biya duk wata?" Na ce, "Baba, ba a biyan ko kwabo." Bai yarda ba sai da na rantse.

A nan ne matsalar take, kuma a nan nake ganin laifinmu mu matasa. Yawancin iyayenmu sun ɗauka dish iri ɗaya ne: ka saya, ka riƙa biyan kuɗin wata, a riƙa zubo maka finafinan Turawa. Ba mu zauna mun yi masu bayani ba. Taurarin ɗan'adam da ke ɗauke da tashoshin talabijin suna can sama da tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa in ka saita dish sau ɗaya ba sai ka sake bin tauraron ba. A kan kowane tauraro akwai tashoshi iri biyu. Akwai waɗanda aka kulle, sai ka biya a buɗe maka, irin na DStv da StarTimes. Akwai kuma waɗanda masu su da kansu suka bar su a buɗe don suna son a kalle su: gidajen talabijin na gwamnatoci, tashoshin wa'azi, tashoshin labarai, da masu cin abinci da talla. Waɗannan na biyun su ake nufi da na kyauta. Ba sata ba ne, ba haɗin bayan fage ba ne, kamar yadda kama tashar rediyo ba sata ba ce. Ka sayi dish da risiba da waya sau ɗaya, shi ke nan.

Kuma me ke cikinsu? Ga abin da nake so Baba Alhaji ya amsa mini. Tashar Saudiyya da ke nuna Ka'aba dare da rana ana karatun Alƙur'ani, da 'yar uwarta ta Madina, a dish ɗin kyauta suke. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma duk azumi tana bin tarawihi na Harami daga kan tabarmarta, ranar Arfa kuwa ba mai taɓa rimot. Tashoshin wa'azi na Hausa irin su Sunnah TV, Manara TV da Africa TV3 ta wannan hanya suka shiga gidajen mutane. Arewa24 da ta fara aiki a 2014, wadda ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, a buɗe ta fara zuwa wa jama'a ta tauraro. Shin waɗannan ne shimfiɗar shaiɗan? In kuwa an ce ai akwai na banza a ciki, na yarda, akwai su, kuma zan zo kansu. Amma kasuwar Kontagora ma akwai na banza a cikinta, ban ga wanda ya rufe rumfarsa ya koma gida saboda haka ba.

Mu da muke da gida biyu, akwai wani amfanin da ɗan gari ba zai gane shi kamar mu ba. Daren 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji suka fito a Télé Sahel suka ce sun kifar da gwamnatin Bazoum, da makonnin da suka biyo baya da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, ana ta maganar yaƙi, zauren gidanmu ya zama kamar tasha. Mutanen da ke da 'ya'ya da iyaye a Maraɗi da Damagaram suna zuwa su ga da idonsu me ake ciki, don abin da ke yawo a waya rabinsa ƙarya ce, yau a ce an kai hari, gobe a turo hoton wata ƙasa a ce Yamai ce. Ban ce duk abin da Télé Sahel ta faɗa gaskiya ba ne, gidan talabijin ne na gwamnati, wanda ke kan mulki shi take yi wa kiɗa, jiya da yau. Amma da rimot ɗaya kana iya jin ta bakinsu, ka juya ka ji ta bakin tashoshin Nijeriya, ka juya Aljazeera, sannan ka auna da hankalinka. Daga cikin masu cika mana zaure a waɗancan kwanaki har da wasu da suka gyaɗa kai a wajen sunan nan. Ban kama suna ba.

To ga wanda ya yi niyya, ga yadda ake farawa, don kada a yi masa irin abin da aka yi mana.

Kada ka fara da zuwa shago. Fara da zama da iyalinka ku rubuta tashoshin da kuke so, domin tashar ita ke nuna tauraron, tauraron kuma shi ke nuna girman dish. Mu lokacin da muka kafa namu, Télé Sahel da Arewa24 a kan tauraron Eutelsat da ke digiri 16 gabas muka same su, kuma dish madaidaici ya ishe mu. Tashoshin Larabawa kuwa suna kan Nilesat na Masar a digiri 7 yamma, da Badr na kamfanin Arabsat a digiri 26 gabas. Waɗannan an yi su ne don ƙasashen Larabawa, mu a gefen haskensu muke, shi ya sa suke son babban dish, irin mai mita 1.8 ɗin nan da kuke gani a tsakar gidaje. Wanda ya ce maka ɗan ƙaramin dish mai santimita 60 zai kawo maka komai da komai, to kuɗinka kawai yake so. Sannan tashoshi suna ƙaura daga tauraro zuwa tauraro, suna canza lamba, don haka kafin ka biya ka je gidan wani a unguwarku da ke kallon tashar a yanzu, ka ga girman dish ɗinsa da inda ya fuskanta. Gani ya kori ji.

Kontagora tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka duk taurarin nan ta kudu suke da mu, kuma can sama sosai. Na digiri 16 yana kudu maso gabas, Nilesat yana kudu maso yamma. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ƙananan dish ɗin nan suna kallon sama fiye da yadda fuskarsu ta nuna, don haka ba katangar maƙwabci ce ke tare sigina ba, reshen mangwaro ko darbejiyar da ke bisa kansa ne. Namu da rani lafiya lau, da damina ta sauka ganye ya cika sai hoto ya fara yayyagewa, muka yi ta zagin risiba a banza.

Risiba kuwa, a tabbatar ta zamani ce, mai ɗaukar MPEG-4 da DVB-S2, an rubuta a jikin kwalin. Tsofaffin nan masu MPEG-2 kaɗai har yanzu suna kwance a wasu shaguna, ana sayar wa wanda bai sani ba da araha, ka kai gida sunan tasha ya fito amma ba hoto, ko ka ji murya allo baƙi. Mu irinta aka fara sayar mana. Da na mayar, mai shagon ya ce ai kaya in ya fita ya fita. Ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san wannan magana, amma na kuma san bambancin ciniki da cuta. Sai LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban dish yana tattara sigina. Akwai na Ku, akwai na C, ba a musanya su. Na Ku shi ne na yawancin tashoshin da muke nema, kuma a cikin risiba lambarsa 9750 da 10600 ce. Na C yana son dish babba ƙwarai, amma ya fi jure ruwan sama. In kana son tauraro biyu ko uku a risiba ɗaya, akwai ɗan makunnin da ake kira DiSEqC mai haɗa su, ba sai an sayi risiba biyu ba kamar yadda aka so a sa wani abokina ya yi.

Waya kuma kada a yi mata rowa, don a nan yawancin mutane ke faɗuwa. A sayi mai kauri mai jan ƙarfe na gaske, a naɗe mahaɗinta na waje da kyau kada ruwa ya shiga. Kada a cire ko a ɗaura waya risiba tana kunne, akwai 'yar wuta da ke bi ta cikinta zuwa LNB, in ta haɗu sai a ƙona ɗaya daga ciki. Kuma don Allah a daina ɗaure dish a jikin kwanon rufi da waya. Duk wanda ya shekara a garin nan ya san iskar farkon damina. A haƙa rami, a kafa ƙarfe da siminti a ƙasa, inda hannu zai kai in ana son gyara. In hadari ya taso da tsawa a zare komai daga bango. In ruwa mai ƙarfi ya sauka hoto zai ɗauke na ɗan lokaci, haka Ku yake, ba lalacewa ba ce. Haka nan wajen watan Maris da Satumba akwai 'yan kwanaki da rana ke daidaita da bayan tauraron, sigina ya ɓace na 'yan mintoci da rana ya dawo da kansa. Na san wanda aka karɓi kuɗin gyara a hannunsa saboda wannan.

Yanzu bari in juyo kan 'yan uwana matasa masu haɗa dish, don rabin baƙin jinin da abin nan ya yi a idon dattawa su suka jawo shi. Kai mai haɗawa, an kira ka gidan mutum mai mata da 'ya'ya, ka saita dish, ka danna binciken tashoshi, ɗaruruwa suka zubo, na kirki da na tsiya, ka karɓi kuɗinka ka kama gabanka. Maigida bai san ana gogewa ba, bai san ana kullewa da lambar sirri ba. Bayan kwana uku ya shigo ya tarar da yara a gaban abin da ba ya iya faɗa, gobe ya je wajen suna ya ce kwandon shaiɗan ne. Laifin wa? Babu risibar da ba ta da wajen goge tasha da wajen kulle ta. Aikin minti talatin ne. A gidanmu ni da Baba muka zauna, ina dannawa yana cewa bari ko goge, muka rage tashoshi ba su fi ashirin ba, muka kulle wajen bincike da lambar da shi kaɗai ya sani, don kada wani ya dawo da abin da aka goge. Ga talabijin a tsakar gida inda kowa ke wucewa, ba a ɗakin samari ba. Wace wayar hannu ce za ka yi wa haka?

Sai masu cewa za su buɗe maka tashoshin kuɗi a kyauta, a sa maka wata 'yar na'ura ko a zuba wa risiba wasu lambobi, wai za ka ga ƙwallon Ingila har abada. Jama'a, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan shi ne satar, kuma shi ke ɓata sunan na halal. Yana yin wata biyu ko uku masu tashar su canza makulli, allo ya yi baƙi, ka nemi mutumin ka rasa, in ka same shi ya ce kawo wani kuɗin. Gara a faɗa wa mutum gaskiya tun farko: gasar Firimiya ta Ingila haƙƙin nuna ta kuɗi ne masu yawa, ba a bayar da ita a banza. Kamfanin HiTV na nan gida da ya fara a 2007 ya sayi wannan haƙƙi, zuwa 2011 ya durƙushe. Wanda ƙwallo ce ransa, ya biya kuɗin wata da saninsa, ba ni da ja. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki magidanci mai sayar da masara da wake, wanda abin da yake so bai wuce wa'azi da labarai da wasan Hausa ba, a ɗora masa biyan wata-wata a kan tashoshi ɗari da ba mai jin harshensu a gidan. Masu DStv da GOtv sun ƙara kuɗi sau biyu a 2023, suka ƙara a 2024, suka sake ƙarawa a 2025. Kuma kuɗin wata ba ya jiran wuta, ko ka kalla ko ba ka kalla ba ranar ƙarewa tana nan. Mu da ke jihar da Kainji da Shiroro suke cikinta mun fi kowa sanin kwana nawa ake yi a wata ba a ga ƙyallin ƙwan lantarki ba. Na kyauta kuwa in an ɗauke wuta ba abin da ka yi asara, in kana da ɗan faifan sola da batir ma risiba da ƙaramin talabijin ba su da ci.

Akwai masu cewa a jira na gwamnati. Tun 2006 aka yi yarjejeniya a Janeba cewa zuwa 17 ga Yunin 2015 za a koma talabijin na dijital, ranar ta zo ta wuce, aka yi gwaji a Jos a 2016, aka bi wasu 'yan jihohi, kuma akwatin da aka kira na kyauta ɗin ma an ɗora masa kuɗin shekara. Wanda ke da haƙurin jira ya jira.

Baba Alhaji, ban ce dish zai yi wa kowa tarbiyyar 'ya'ya ba, kuma ban ce dole sai kowane gida ya kafa ba. Wanda ya ce shi ba ya so, kuma ya san inda 'ya'yansa suke tsakanin isha'i da ƙarfe goma sha ɗaya, na sara masa. Amma in bai sani ba, to ya tashi yau da daddare ya zagaya gidajen kallon unguwarsu da tocila, ya ƙirga 'yan gidansa. Ƙannena dai yanzu ƙwallon Asabar kaɗai ke fitar da su, da izini, kuma su dawo kafin a rufe ƙofa. Ƙaramarmu da aka haifa a nan, wadda ba ta taɓa taka Nijar ba, ranar da aka nuna Maraɗi a labaran Hausa na Télé Sahel ta ruga ta kira Inna daga madafa, Inna ta zo da muciya a hannu ta tsaya tana nuna mata hanyar da ke zuwa unguwarsu.

Idan gasar takobi ta zagayo, Baba ya ce in gaya maka tabarma tana nan a zaure, kuma shayi a wuyansa.